Kada Ka Ɗaga Ginin, Sauya Inda Ake Aunawa

An gama zana bene mai hawa uku a kwamfuta. Daben ƙasa yana kan 0.000, hawa na gaba yana kan mita 3.300, komai ya zauna tsaf. Sai ga takardar safiyo ta iso, ta nuna filin yana sama da teku da mita 472 da ɗoriya, injiniyan magudanar ruwa kuma ya ce ba zai taɓa zanen ba sai lambobinsa sun zo ɗaya da na safiyo. Abin da hannu ke fara kai wa shi ne a kewaye ginin dungurungum a tura shi sama. Wannan hanya ita ce mafi ɓarna, kuma a mafi yawan lokuta ba ma a bukatarta, domin ginin bai yi laifin komai ba. Wurin da ake fara ƙirga tsawon ne ya kamata a sauya.

Kowane aiki yana da sifili biyu. Akwai sifilin gini, wanda mai zane ya zaɓa, galibi saman daben ƙasa. Da shi magini ke aiki, don ba wanda zai so ya riƙa cire 473.100 daga 476.400 a ka kafin ya san inda zai zuba dekin. Akwai kuma sifilin teku, wanda safiyo da injiniyan titi da na bututu ke amfani da shi, saboda su aikinsu ya wuce katangar fili, dole ya haɗu da na wasu. Manhajar zane mai kyau tana riƙe duka biyun a lokaci guda. Lamba ɗaya tak za ka ba ta: nawa ne tsakaninsu.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Safiyo ya kafa alamar tsawo a kan wani turken kankare a gefen fili, ya rubuta 472.350. An yanke shawara saman daben ƙasa zai zauna a 473.100. Ke nan sifilin gini ya ɗara turken da milimita 750. Hawa na gaba zai karanta 476.400, ƙasan harsashi da ke 1.500 ƙarƙashin sifili zai karanta 471.600. Rubuta waɗannan a takarda kafin ka taɓa linzami, don da su za ka gane ko manhajar ta yi abin da ka nufa.

Kafin a je ga manhaja, akwai tambaya biyu da in ba a amsa su ba duk sauran aikin banza ne. Ta farko: sifilin nan saman kankare ne ko saman tayil? Mai zanen gini yakan ɗauki saman da ƙafa za ta taka, injiniyan rodi da kankare kuma yakan ɗauki saman dekin tsirara. Tsakaninsu akwai shafen siminti da tayil, ka ce milimita 50. Kaɗan ne a ido, amma bututun da ke gangara 1 cikin 100 a tsawon mita 30 faɗuwarsa gaba ɗaya milimita 300 ce, wato kuskuren ya cinye kashi ɗaya cikin shida. A matakala ma yana fitowa: takin farko ya gajarce, na ƙarshe ya yi tsawo, mutane su yi ta tuntuɓe ba su san dalili ba.

Ta biyu: wane teku? Ba wasa ba ne. Ƙasashe ba su ɗauki sifili ɗaya ba. Birtaniya tana aunawa daga Newlyn, Holand daga Amsterdam, Amurka tana da ma'aunin 1929 da kuma na 1988. Gadar Laufenburg da ke kan kogin Rhine tsakanin Jamus da Suwizalan ta zama abin misali a nan. Jamusawa suna ƙirga tsawo daga Tekun Arewa, mutanen Suwizalan daga Bahar Rum, bambancin santimita 27 ne, kuma injiniyoyin sun san da shi sarai. Wajen gyara lissafin ne aka juya alamar, inda za a cire aka ƙara, sai tazarar ta koma santimita 54, aka gano ana tsakiyar aiki. Haka kuma lambar da na'urar GPS ke bayarwa kai tsaye ba tsawo daga teku ba ce, tsawo ne daga wata siffar duniya ta lissafi, kuma gwargwadon inda kake a doron ƙasa bambancin na iya kaiwa gomman mitoci, a wasu wuraren har kusan ɗari. Tambayi safiyo wanne ya ba ka. Lambar waya ko ta Google Earth kuwa, ta isa a san yanayin tudu da kwari, ba ta isa a ɗora dabe a kanta ba.

A cikin Revit

Revit, manhajar zana gini ta kamfanin Autodesk, yana da maki uku, kuma rikita su ne tushen yawancin matsalar. Na farko cibiyar ciki, wadda manhajar ta rubuta wa Internal Origin. Ba ta motsi har abada, daga gare ta ake lissafa kowane layi. Na biyu turken aiki, Project Base Point, wato sifilin gini, mai alamar da'ira. Na uku turken safiyo, Survey Point, mai alamar kusurwa uku, wanda ke wakiltar ma'aunin duniyar waje. A sabon fayil duka ukun suna kan juna, kuma a yawancin shafuka a ɓoye suke. Don ka gan su, buɗe zanen fuska (gini daga gefe) ko zanen yanka (gini kamar an tsaga shi a tsaye), buga VG, gangara zuwa Site, buɗe shi, ka sa alama a kan ukun.

Hanya mafi tsabta ita ce wannan. Kana cikin zanen fuska, je Manage, sai Coordinates, sai Specify Coordinates at Point. Danna layin lebur na daben ƙasa, wato layin da ke nuna tsawon hawa. Akwati zai fito, a gurbin Elevation ka rubuta tsawon gaske. In ma'aunin fayil ɗinka milimita ne, 473100 za ka rubuta, ba 473.100 ba. Wanda ya rubuta na biyun ya ɗaga gininsa ƙasa da rabin mita ne kawai, kuma alamar hakan ita ce daben ƙasa ya riƙa karanta 473 ko 0.473. Buga UN ka duba ma'aunin tukuna.

Da ka danna OK za ka ga kamar ba abin da ya faru. Kan lebur ɗin yana nan yana nuna sifili. A nan ne mutane ke zaton umarnin bai yi aiki ba, su koma jan gini da hannu. Ya yi aiki. Lebur ɗin ne har yanzu yake karantawa daga turken aiki. Zaɓe shi, shiga Edit Type, ka nemo Elevation Base, ka mayar da shi Survey Point. Nan take zai nuna 473100, na samansa 476400. Amma wannan saiti na nau'i ne, ba na lebur ɗaya ba, duk lebur mai wannan nau'in zai sauya a kowane shafi. Don haka ya fi kyau ka kwafi nau'in ka ba shi suna mai bayyana kansa, ɗaya mai karanta sifilin gini, ɗaya mai karanta teku. A ganina zanen da za a miƙa wa magini ya zauna a sifilin gini, a bar lambobin teku ga zanen fili da na magudana. Alamar tsawon wuri, Spot Elevation, ita ma tana da irin wannan zaɓi a ƙarƙashin Elevation Origin, kuma ana iya ajiye iri biyu a gefen juna a zane ɗaya.

Akwai wani umarnin, Relocate Project, a ƙarƙashin Position. Sakamakonsa ɗaya da na Specify Coordinates at Point, amma halinsu daban. Na farkon cewa kake yi nan wurin tsawonsa kaza ne, ko sau goma ka maimaita amsa ɗaya ce. Shi kuwa wannan ƙari yake yi a kan abin da ke akwai: ka danna, ka ja sama, ka rubuta nisa. In wani ya riga ya yi kai ma ka sake, gini ya tafi mita 946. In linzaminka ya karkata ƙasa lokacin da kake rubutawa, ka yi irin ta Laufenburg. Shi ya sa na fi son na farkon.

Turken safiyo yana da ɗan kilif a gefensa. In kilif ɗin yana rufe ka ja turken, ma'aunin duniyar gaba ɗaya ka ja, duk lambobin teku sun sauya. In ka buɗe kilif ka ja, alamar kaɗai ta tafi, ta nuna maka lambobin inda ta sauka. Amfanin wannan shi ne ka ɗauke ta ka ajiye a kan turken kankaren da safiyo ya kafa, ta karanta 472350, sannan ka rufe kilif ka kafe ta da fil. Turken aiki ma da yana da kilif, an cire shi tun daga sigar 2020.2. Yanzu in ka matsar da shi, ginin ba ya binsa, lambobin da ke karantawa daga gare shi ne ke sauyawa. Wannan ita ce hanyar da za ka bi in an ce a mayar da sifili daga saman tayil zuwa saman kankare: sauke turken milimita 50, lebur ɗin tayil ya koma karanta 50.

Me ke lalacewa in an ja ginin da hannu

Kewaye abu da linzami ba ya kama sai abin da ake gani a shafin. Duk abin da aka ɓoye, ko aka kafe da fil, ko yake cikin rukunin aikin da ba a buɗe ba, ko cikin wani zaɓin zane na daban, yana nan inda yake. Rubutu da layukan bayani da aka zana a kan zanen yanka na shafin ne, ba na ginin ba, sai gini ya tashi ya bar su a ƙasa suna nuna iska. Iyakar da aka yanke wa kowane zanen fuska ita ma takan tsaya, ka buɗe takardar bugawa ka tarar da farin fili.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne ɓacewar layukan girid. Girid ba layi ba ne kawai, faffaɗan allo ne a tsaye mai iyaka sama da ƙasa, kuma ba ya fitowa a fulan sai ya ratsa tsawon da fulan ɗin ya yanka. Lebur ya haura mita 473, girid yana ƙasa, ba su haɗu ba, sai fulan ya fito babu girid ko ɗaya. Ba a goge su ba, sai an koma zanen fuska an ja kawunansu sama.

In kuma aka riƙa ɗaga lebur ɗaya bayan ɗaya, bango mai gindi a lebur na ƙasa da kai a na sama zai ga gindinsa ya haye kansa. Manhajar za ta yi gargaɗi ta nemi a goge shi, ƙofofi da tagogin da ke jikinsa su bi shi. Wanda ke sauri ya danna amincewa, sai bayan mako ya lura babu bangon bayan gida.

Wani abu da ake yawan faɗa wanda bai cika zama daidai ba: wai ɗaga gini sama yana lalata daidaiton lissafi. Iyakar da Autodesk ya bayar ita ce samfuri ya zauna cikin kilomita 16 daga cibiyar ciki. Mita 473 ba ta kai ko kusa ba. Inda wannan matsala ke tasowa shi ne lambobin gabas da arewa na safiyo, masu kai ɗaruruwan kilomita. A can ne layuka ke rawa, da'ira ta zama mai kusurwa, linzami ya kasa kama ƙarshen layi. Maganinsu ɗaya da na tsawo: gini ya zauna kusa da cibiya, a gaya wa manhajar lambobin wurin.

Ƙasar da ginin ke zaune a kai

Nan ne kuskure na gaba ke jira. A tsohon kayan zana ƙasa na Revit, in ka sa maki da Absolute Elevation, daga cibiyar ciki yake ƙirgawa, wadda a misalinmu ita ce sifilin gini, ba daga teku ba. Ka rubuta 472350 sai ƙasar ta tafi can sama ta bar gini a rataye ƙarƙashinta. Cirewa za ka yi: 472.350 a cire 473.100, ya ba da 750 ƙasa da sifili. Daga sigar 2024 an kawo Toposolid, wanda ke da kauri kamar dabe kuma yake jingine da lebur. Saboda haka in ka motsa lebur ɗin da yake kai, ƙasar ma ta bi. Ya fi aminci a yi masa lebur nasa daban, a kafe.

In fayil ɗin DWG, wato zanen AutoCAD, safiyo ya aiko, duba abu uku. Ma'auninsa mita ne ko milimita, don yawancin safiyo da mita suke aiki. Layukan tudun suna ɗauke da tsawo na gaske, ko a kwance suke a sifili an rubuta lamba kawai a gefe? Dubawa daga zanen fuska za ta nuna: in layi ɗaya siriri ka gani, a kwance suke, sai a koma wa safiyo. Sannan wajen haɗa fayil ɗin kada ka sa alama a Current view only, in ka sa zai shigo a matsayin zanen shafi ɗaya, ba zai fito a zanen fuska ba, ba kuma za ka iya gina ƙasa daga gare shi ba. Bayan ya shigo, shi za ka matsar ya zo ƙarƙashin gini, ka sauke shi a zanen fuska har turken kankaren ya zauna 750 ƙasa da dabe, sannan ka yi Acquire Coordinates ka danna shi. Manhajar za ta karɓi ma'auninsa. Kada ka tsallake saukewar, in ba haka ba gabas da arewa su yi daidai, tsawo ya fita.

A cikin Archicad da SketchUp

Archicad, wata manhajar zana gini, ya fi sauƙi a nan. Sifilinsa Project Zero ne. A Options, Project Preferences, cikin saitin wurin aiki akwai gurbin Altitude, nan za ka sa 473.100. A Reference Levels kuma akwai tsawon teku da wasu ma'aunai biyu da za ka iya sa wa suna, misali tsakiyar titi ko turken kankaren safiyo. Waɗannan ba sa motsa komai, ma'aunin karatu ne kawai, kuma kayan auna tsawo yana ba ka zaɓin wanda zai karanta daga gare shi. Abin da ba a so shi ne a buɗe Story Settings da Ctrl+7 a rubuta 473.100 a gurbin hawan ƙasa. Wannan ɗaga gini ne na gaske. In za ka shigo da makin safiyo ta Place Mesh from Surveyor's Data, akwai gurbin da ke tambayar nawa sifilin gini ya ɗara teku, cika shi ƙasar ta sauka inda ya dace.

SketchUp ba shi da tsarin hawa irin wannan. Bar gini kusa da mahaɗar layuka uku, ka dunƙule ƙasar wuri ɗaya ka sauke ta a kan shuɗin layi, ka rubuta bambancin a zane.

In da gaske ginin ne zai tashi

Wani lokaci ba lamba ce ta sauya ba. An duba ambaliya, an ce dabe ya ƙara milimita 300, ya koma 473.400. Ko a nan ma ba sai an taɓa lebur ba. Ka sake ba manhajar sabuwar lamba, ka sauke ƙasa da fayil ɗin safiyo da 300, ka tabbatar turken yana nan a 472.350. In fili yana fayil daban da gini, wanda shi ne tsari mafi kyau a babban aiki, sai ka buɗe fayil ɗin filin ka ɗaga ginin da aka haɗo da 300, ka adana sabon matsayinsa.

Abin da manhaja ba za ta yi maka ba shi ne tunanin abubuwan da ke manne da ƙasa. Harsashi ba ya tashi, domin ƙasa mai ƙarfin da zai zauna a kai tana nan a 471.600, sai dai yanzu 1.800 take ƙarƙashin sifili, ginshiƙai da bangon harsashi sun ƙara tsawo. Matakalar shiga ta ƙara taki biyu na milimita 150. Gangaren keken guragu mai 1 cikin 12 ya ƙara mita 3.6, kuma sai an duba ko akwai wurin. Ciko ya ƙaru: gini mai mita 20 da 15 zai ci ƙarin kubik mita 90. Bututun ƙazanta bakinsa na waje yana ɗaure da babban layin titi, ba zai motsa ba, gangarensa ne zai sauya. Duk waɗannan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan ana aiki da injiniyoyi, fayil ɗaya ne zai riƙe ma'aunin, sauran su karɓa daga gare shi. Kowa ya rubuta lambarsa da hannu, to za a samu mai 473.100 da mai 473.050, bututun iska ya ratsa ta cikin bim a allo ba tare da kowa ya yi kuskuren zane ba. Wajen fitar da IFC, fayil ɗin musayar samfuri tsakanin manhajoji, ma akwai zaɓin Coordinate Base a Revit. Ku amince da guda ɗaya tun farko, in ba haka ba ginin mai zane ya buɗe a sifili, ƙarafan injiniya su buɗe kusan rabin kilomita a samansa.

Gwajin ƙarshe ba ya cin minti biyar. Ɗora alamar tsawo mai karanta teku a kan turken kankaren, ta ba ka 472.350. Ɗora wata a kan daben ƙasa, wata a ƙasan harsashi, ka gwada da takardar da ka rubuta tun farko. Ƙara maki biyu daga takardar safiyo a kusurwoyin fili masu nisa da juna, don maki ɗaya zai iya dacewa bisa sa'a ko da ma'aunin fayil ɗin ya kauce. Sannan a kusurwar kowane zanen fili da na yanka ka rubuta a fili cewa 0.000 daidai yake da 473.100, saman tayil ne, an ɗauko daga turke mai lamba kaza bisa ma'aunin tsawo kaza. Daga wannan layin ne mai na'urar lebur zai ɗauko tsawo daga turke ya buga zare a jikin ginshiƙai mita ɗaya daidai sama da dabe, inda mai tayil da mai ƙofa da mai wayar lantarki za su riƙa ɗora awonsu.